Daga Ƙarancin Yadi zuwa Yayin Ado: Suturar Mata a Zangunan Akra Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

1.0 Gabatarwa

Sutura tana daga cikin abubuwan da ke saurin fallasa halin da al'umma take ciki. In an sami yalwa, a jikin mata ake fara ganin ta, in kuma an shiga matsi, nan ma ba ya ɓuya. Masu nazarin tarihin tufafi a Turai sukan kafa misali da shekarun 1939 zuwa 1947, lokacin da matan Ingila da Faransa suka fita daga rigunan tsimi na zamanin yaƙi suka shiga riguna masu faɗi da cin yadi. Wannan takarda za ta dubi wannan sauyi ne daga wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba, wato zangunan birnin Akra, musamman Nima da Mamobi, a ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, yaƙi ɗaya ne ya taɓa wuraren biyu, amma ma'aunin ya bambanta. A Landan da Paris da almakashin tela ake auna tsimi da yalwa, wato tsawon riga da yawan maɓallanta. A zango kuwa da turmi ake auna su, domin zane dukiya ce a hannun mace. A ƙarshe za a dubi wasu kalmomi da wannan zamani ya bar wa Hausa.

2.0 Zangunan Akra Kafin Yaƙi

Kalmar da mutanen Gana ke furtawa "zongo" ita ce "zango" ta Hausa, wato masaukin ayari. Fataucin goro zuwa Gwanja da aikin soja a ƙarƙashin Turawa su suka kawo Hausawa Akra tun ƙarni na 19. Sun fara zama a tsakiyar gari, daga baya Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima kuwa ta samo asali ne a 1931, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace dillalin shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na Osu. Yaƙi ne ya raya unguwar. Tana kusa da barikokin soja da filin jirgin sama da unguwar Turawa, ga shi kuma Akra ta zama matattarar jiragen saman Ingila da Amurka masu wucewa Gabas ta Tsakiya. Saboda haka masu neman aikin kuku da boyi da gadi da leburanci suka yi ta kwarara. Da Nima ta cika, sai jama'a suka malala zuwa Mamobi.

Mazauna waɗannan unguwanni ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagwambawa da Kotokoli da Wangarawa da Yarabawa, kuma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci da gidan biki.

2.1 Matsayin Zane a Wurin Mace

Atamfa irin ta kakin zuma kwaikwayo ce ta rinin tsibirin Jaba da ke Indunisiya. Masana'antun Holan ne suka fara buga ta da inji, kuma ta sami karɓuwa a Gwalkwas tun shekarun 1890. A kasuwannin Akra cikakken turmi yadi 12 ne, rabinsa kuwa yadi 6, wanda shi ke isar mace ɗaya ta yi riga da zane da na yafawa. A Kano a yau yadi 6 ɗin nan ake kira turmi.

Macen zango ba don sawa kawai take sayen zane ba. Mai sayar da koko da ƙosai ko wake da shinkafa takan zuba adashi, ranar da ta kwasa ta sayi rabin turmi ta jefa a adaka ba tare da an ɗinka ba. Wannan shi ne bankinta. In rashin lafiya ta zo, ko jari ya karye, sai ta fito da shi ta sayar. Da shi take haɗa wa ɗiyarta kayan aure, da shi take mayar da biki, shi kuma magada ke rabawa bayan ranta. Haka nan, a wajen namiji, ba a maganar aure sai an yi maganar lefe, kuma dangin amarya da yawan zannuwa da darajarsu suke auna shi. Ke nan duk abin da ya taɓa farashin turmi ya taɓa aure da suna da ajiyar mace gaba ɗaya.

3.0 Tsimin Tufafi a Turai

A ranar 1 ga Yuni, 1941, gwamnatin Ingila ta fara raba tufafi da ƙa'ida. Kowane baligi aka ba shi takardun izni 66 a shekara, kuma ko da kuɗinsa ba ya sayen tufa sai ya miƙa takardun. Rigar mace ta ulu tana cin 11, safa kuwa 2. Da yaƙi ya yi tsanani aka rage adadin zuwa 48, daga baya ma ya yi ƙasa da haka. Dalili kuwa shi ne, auduga da ulu da ma'aikata da jiragen ruwa duk an karkatar da su wajen kayan soja.

Ba a tsaya nan ba. A 1942 aka kafa dokokin ɗinki. Rigar mace ba za ta wuce aljihu 2 da maɓalli 5 ba, an taƙaita yawan tattara, an hana surfani da leshi. Aka fito da tufafi masu tambarin CC41, waɗanda gwamnati ta tsara ingancinsu da farashinsu. Amurka ma ta kafa irin wannan doka a 1942, mai lamba L-85. Sakamakon haka shigar mace ta koma kamar ta soja: kafaɗa a miƙe, siket gajere daidai gwiwa, babu wani ado. Gwamnati kuma ta yi ta jan hankalin mata su yi faci, su warware tsohuwar tufa su ɗinka sabuwa.

3.1 Ƙarancin Yadi a Gwalkwas

A Gwalkwas hanyoyin da yadi ke shigowa ne suka toshe ɗaya bayan ɗaya. A Mayun 1940 Jamus ta mamaye Holan, sai atamfar kamfanin van Vlissingen na garin Helmond, wanda aka sani a yau da Vlisco, ta yanke. A 1941 Ingila ta rufe da yawa daga masaƙun Lankasha. A Disambar wannan shekara Japan ta shiga yaƙi da Ingila, sai yadinta mai araha ya ɓace. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuma suna nutsar da jiragen kaya a gaɓar Afirka ta Yamma. Ta tudu ma ba sauƙi, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 ƙasashen da Faransa ke mulka a kewayen Gwalkwas suna hannun gwamnatin Vichy mai bin Jamus, aka tsananta tsaron iyaka. Wannan ya wahalar da fataken da ke kawo saƙi da baƙin rini daga Kano da sauran ƙasar Hausa.

Ɗan abin da ke shigowa kuwa gwamnati ta raba iznin shigo da shi ne gwargwadon cinikin da kowane kamfani ya yi kafin yaƙi. Wannan ya ƙara wa manyan kamfanonin Turawa ƙarfi, irin su UAC da John Holt da PZ da CFAO da UTC, waɗanda galibinsu ke cikin ƙungiyar AWAM. Ƙaramin ɗan kasuwa baƙar fata bai da ta cewa. Daga kantunan nan yadi kan bi ta hannun manyan mata 'yan kasuwa masu littafin bashi da kamfani, sannan ya gangaro Makola, sannan ya iso hannun dillaliyar da ke shiga gida gida a zango. Kowane hannu da ribarsa. Akwai kuma wata dabara da ta ƙona wa mutane rai: ba za a sayar maka da atamfar da kake so ba sai ka haɗa da wani kayan da ya yi kwantai.

Mata suka shiga dabarun "da babu gara ba daɗi". Akoko da alawayyo, waɗanda da ba a ɗauke su kayan fita ba, suka sami daraja, akan rina su a ɗaura. Tsohon zane akan mayar da shi marina ya fito da sabuwar fuska. Saƙar hannu ta farfaɗo, har wata cibiya da aka kafa a Achimota a 1943 ƙarƙashin H. V. Meyerowitz ta shirya aikin kaɗi da saƙa a yankin Avatime. Wanda ya fi jin jiki shi ne saurayi mai neman aure, domin lefen da wansa ya haɗa cikin sauƙi kafin 1939 ya zame masa dutse.

4.0 Paris, 1947

A ranar 12 ga Fabrairu, 1947, wani maɗinki mai suna Christian Dior ya nuna rigunansa na farko a gida mai lamba 30, titin Montaigne, a Paris. Duk abin da dokokin yaƙi suka hana shi ya dawo da shi: kafaɗa mai laushi, ƙugu a tsuke, siket mai faɗi da ya sauko har tsakiyar ƙwauri. Editar mujallar Harper's Bazaar, Carmel Snow, ita ta laƙaba wa ɗinkin sunan New Look, wato sabon salo. Wasu rigunan suna cin yadi 20. In aka auna da ma'aunin Makola, riga ɗaya ta cinye abin da zai suturta mata uku, har da ragowar yadi 2. Wanda ya ba Dior jari shi ne Marcel Boussac, babban mai masaƙun auduga a Faransa, kuma ba abin mamaki ba ne mai masaƙa ya so ɗinki mai cin yadi.

Ba kowa ya yi murna ba. A wata unguwar talakawa a Paris mata sun far wa masu tallar rigunan suka yayyaga su. A Ingila, inda ba a daina raba tufafi da ƙa'ida ba sai Maris 1949, ministan ciniki Harold Wilson ya soki salon da cewa almubazzaranci ne. Ko Gimbiya Elizabeth, da za ta yi aure a Nuwamba 1947, da takardun izni aka sayi yadin rigarta. Duk da haka salon ya yi nasara, domin mata sun gaji da shigar soja, kuma ya mamaye shekarun 1950.

4.1 Akra, 1948

Lokacin da Paris ke gardama kan tsawon siket, Akra tana gardama ne kan kuɗin turmi. Yaƙi ya ƙare a 1945 amma kaya ba su dawo ba, domin masaƙun Turai ba su murmure ba. Kuɗi kuwa ya ƙaru a hannun jama'a: farashin koko ya tashi, ga kuma sojoji sun dawo da kuɗin sallama. Fiye da mutum 60,000 ne daga Gwalkwas suka yi aikin soja, da yawansu a Bama, kuma 'yan arewa da mutanen zango suna da kaso mai tsoka a cikinsu, tun da Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Kuɗi da yawa, kaya kaɗan, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo.

A ranar 26 ga Janairu, 1948, Nii Kwabena Bonne, sarkin Osu Alata, ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Siriya da Labanan. Atamfa tana kan gaba a jerin kayan. Bayan kusan wata guda kamfanoni suka amince su rage ribar da suke ɗorawa kan wasu kaya daga kashi 75 zuwa kashi 50 cikin ɗari, daga ranar 28 ga Fabrairu. Mutane da yawa sun ɗauka farashi ne zai faɗi da rabi, da suka je kanti ran nan sai suka tarar ragin bai taka kara ya karya ba.

A wannan rana ce kuma tsofaffin sojoji suka yi maci zuwa fadar gwamna da ke Osu don miƙa kokensu. A mararrabar Christiansborg wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Fushi biyu suka haɗu. Aka fasa kantuna aka ƙona wasu, tarzoma ta bazu zuwa Kumasi da Koforidua da Nsawam. Mutum 29 suka mutu, 237 suka jikkata. Hukumar Watson da ta binciki lamarin ta lissafa tsadar kayan shigowa da rashin adalci wajen rabonsu cikin musabbabansa, ta kuma ba da shawarar sake tsarin mulki. Daga nan aka kama hanyar zaɓen 1951 da 'yancin kai na 6 ga Maris, 1957. Ke nan turmin atamfa yana da nasa gurbi a tarihin 'yancin Gana.

5.0 Yalwa da Sabon Ado

Yalwar da ta iso Paris a 1947 ba ta iso Akra sosai ba sai farkon shekarun 1950. Atamfar Holan da ta Ingila suka dawo, yadin Japan ya biyo baya, koko kuma ya yi kuɗi. Keken ɗinki na Singer ya yawaita a hannun teloli maza da mata. Jaridar Daily Graphic ta fara fita a 1950, Sunday Mirror ta biyo a 1953, suna buga hotunan biki da na sababbin ɗinkuna. Masu ɗaukar hoto irin su James Barnor da Felicia Abban suka buɗe shagunansu a James Town, kuma hotunansu suna cikin manyan shaidun da ake dogara da su a yau. A 1957 UAC ta buɗe sabon katafaren kantin Kingsway.

Salon Dior ya shigo ta hanya biyu. 'Yan boko da ma'aikatan ofis sun sa doguwar rigar Turawa mai faɗin siket zuwa gidajen rawa, inda E. T. Mensah da makaɗansa ke tashe. Hanya ta biyu, wadda ta fi tasiri, ita ce ta kaba. Kaba riga ce ta sama da matan kudancin ƙasar suka daɗe suna sawa bisa zane, kuma da can sakakkiya ce, ba ta da wani fasali. A shekarun 1950 teloli suka tsuke mata ƙugu, suka yi mata baza a ƙasa, suka ƙawata wuya da hannu. Zanen ɗaurawa ma sannu a hankali aka mayar da shi dogon siket ɗinkakke mai tsaga. Da Juliana Norteye ta dawo daga karatun ɗinki a Paris a 1961 ta buɗe shagonta na Chez Julie, sai ta tarar an riga an share mata fage.

Matan zango sun ɗauki abin da ya dace da su suka bar saura. "Zanen aro ba ya rufe katara", in ji Hausawa. Ɗinkin kaba ya shiga Nima da Mamobi, amma matar aure takan sa a rufe kafaɗa, zane ya sauka har idon sawu, ta ɗaura ɗankwali, sannan ta yafa mayafi a bisa. Daga maƙwabtansu Yarabawa, waɗanda suke da yawa a zanguna kafin dokar korar baƙi ta 1969, suka ɗauki buba da manyan ɗaurin kai. Da jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji daga shekarun 1950, sai aka sami wata sabuwar madubin ado, wato Hajiya da gyalenta da zinariyarta da haƙorin Makka.

Abin lura a nan shi ne, dandalin nuna ado a zango shi ne gidan biki da gidan suna da ranar salla. A nan ƙasaita ba ta tsaya ga kyan ɗinki ba. Akan duba asalin atamfar, 'yar Holan ce ko kwaikwayo, akan duba sau nawa amarya ta sake kaya, da zannuwa nawa aka ƙirga a lefe a gaban 'yan'uwa. Wato dai, inda Dior ya zuba yadi 20 a riga ɗaya, macen zango ta zuba nata a yawan turame.

6.0 Abin da Harshe ya Adana

Ga mai nazarin harshe, kalmomin sutura taska ce, domin kowace tana nuna hanyar da kayan suka biyo. Za a iya kasa su kamar haka:

(a) Na asali ko tsofaffin aro: zane, saƙi, gwado, mayafi, kallabi, turmi.

(b) Aro daga Ingilishi: yadi, tela, leshi, siket, bulawus, kanti. An daidaita su da tsarin gaɓar Hausa, ta hanyar saƙa wasali tsakanin baƙaƙe ko a ƙarshen kalma, kamar yadda ake gani a "siket" da "yadi".

(c) Aro daga maƙwabta: buba da ashoke daga Yarabanci. "Adaka" kuwa akwai ta a Hausa da kuma harshen Tuwi da ma'ana ɗaya.

Akwai kalmomi uku da suka cancanci ƙarin bayani. Ta farko "Ankara". Wannan shi ne sunan da Hausawan da suke kiran Akra da shi, daga Nkran na harshen Tuwi, kuma ana kyautata zaton daga nan ne atamfa ta sami sunan "ankara" da ake kiran ta da shi a kudancin Nijeriya. Ba shi da alaƙa da babban birnin Turkiyya. Ta biyu "jagwa", daga sunan motar Jaguar. A Akra da Legas na shekarun 1950 ana kiran mace 'yar gayu da shi, har wani ɗinkin kaba ya ci sunan, kuma daga nan Cyprian Ekwensi ya samo sunan littafinsa Jagua Nana na 1961. Ta uku ita ce "yayi". A Hausar Kano yayi shi ne abin da ake tashe da shi na ɗan lokaci. A Hausar zangunan Gana kuwa kalmar ta ƙara wata ma'ana, wato zane iri ɗaya da ake fitarwa dangi da ƙawaye su saya don biki, abin da Kano ke kira "anko". Wannan misali ne na taƙaita ma'ana, kuma yana nuna inda al'ummar ta ajiye ado: a cikin taro, tare da jama'a.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya matse suturar mata a Turai da Gwalkwas baki ɗaya, amma ta fuskoki daban. A Ingila gwamnati ta raba ƙarancin da takarda, kowa ya sami ɗan kasonsa. A Gwalkwas an bar rabon a hannun 'yan kamfanoni, sai ƙarancin ya zama tsada, tsada kuma ta zama siyasa. Da yalwa ta dawo, matan Nima da Mamobi sun karɓi sabon ɗinki, suka ɗora shi bisa tsohon ma'auninsu na turmi da lefe da mayafi. Labarin bai ƙare a nan ba, domin Gana ta kafa masana'antun atamfa nata, GTP a Tema a 1966 da ta Akosombo a 1967, sannan ƙarancin kaya ya sake dawowa a shekarun 1970, har gwamnatin soja ta rushe kasuwar Makola a 1979 bisa zargin ɓoye kaya. Wannan kuwa batu ne da ke buƙatar takarda tasa ta daban.